Yadda Za Ka Gano Ma'anar Kalmar Turanci Da Inda Ake Sa Ta

Tambayoyin masu koyon Turanci ba su cika wuce biyu ba: me wannan kalma take nufi, kuma me ya raba ta da waccan? Abin da ke kawo rikici shi ne, kalmar Turanci ba ta cika zama da ma'ana ɗaya ba. Babban ƙamus na Oxford ya lissafa wa aikatau "run" kaɗai ma'anoni 645. Wanda ya haddace kalma da fassara ɗaya tak, ko ba jima ko ba daɗe za ta ba shi kunya. Ga matakan da nake ganin sun fi amfani.

Da farko, kada ka raba kalmar da jimlarta. Idan ka ci karo da "book" a cikin "book a room", ba littafi ake nufi ba, kama ɗaki ne tun kafin ka iso. Kwafe jimlar gaba ɗaya, sannan ka tambayi kanka: suna ce a nan, ko aikatau, ko siffa? Amsar za ta nuna maka sashen da za ka duba a ƙamus.

Na biyu, nemi ƙamus da aka rubuta domin masu koyo, Turanci zuwa Turanci. Kada girmansa ya tsorata ka. Na Longman, wanda ya fara fitowa a 1978, yana bayani ne da kalmomi masu sauƙi kusan 2,000, don kada bayanin ya fi kalmar wuya. Na Oxford da na Cambridge ma akwai su a intanet. Idan ka buɗe, kada ka tsaya a ma'ana ta farko. Gangara ƙasa har ka sami misalin da ya yi kama da jimlarka, domin misalan sun fi bayanin koyarwa.

Mataki na uku shi ne wanda na fi so a daɗe a kansa: duba abokan tafiyar kalmar. A nan ne Hausa take jan mu zuwa kuskure, domin inda muke da kalma ɗaya, sau da yawa Turanci yana da biyu ko uku. Muna cewa "yi" ga kusan kowane aiki, amma Bature yana cewa "make a mistake", ya kuma ce "do your homework". Babu wata ƙa'ida da za ta raba maka su duka, sai ka riƙe kowane da abokinsa. Haka "ara": mai karɓa shi ke "borrow", mai bayarwa shi ke "lend". Don haka ɗalibin da ya miƙa hannu ya ce wa na kusa da shi "borrow me your pen" ya juya maganar, "lend me your pen" ne daidai, ko "can I borrow your pen?" Sai kuma "ji", wadda muke amfani da ita ga sauti da ƙamshi da zafi da fahimta. Turanci ya rarraba su: "hear", "smell", "feel", "understand". Tsakanin "say" da "tell" kuwa, duba abin da ke biye: "tell me" ya zauna, "say me" bai zauna ba, sai dai "say to me".

Ƙananan kalmomin da ke bin aikatau su ma suna cikin abokan tafiya, kuma suna iya sauya ma'ana ɗungurungum. "Look for" nema ne, "look after" kula da wani ne, "look up" kuma dubawa a ƙamus. Riƙe kowanne a matsayin kalma mai zaman kanta.

Na huɗu, idan kalmar sunan abu ce, duba ko ana ƙirga ta. Ƙamus yana sa harafin C ga wadda ake ƙirgawa, U ga wadda ba a ƙirgawa. "Advice", "information" da "furniture" ba su da jam'i, ba a ƙara musu s. Mai son nuna guda ɗaya sai ya ce "a piece of advice".

Na biyar, ka san Turancin wace ƙasa kake karantawa. A Ingila "first floor" hawa na farko ne a saman bene, a Amurka kuwa ƙasan benen ne. "Colour" da "color" duka daidai ne, na biyun rubutun Amurka ne da ƙamus na Noah Webster na 1828 ya taimaka wajen kafawa. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kansa cikin rubutu guda.

Daga nan sai ka gina jimlarka da kanka, a kan abin da ya shafi rayuwarka, ka rubuta ta a littafi ƙarƙashin misalin ƙamus. Idan kana kokwanton ko masu harshen suna faɗin haka, sa maganar tsakanin alamun zance a Google, ka ga ko tana fitowa a manyan jaridun Turanci ko kuwa a rubutun masu koyo irinka kaɗai take. Bayan kwana biyu ko uku, rufe littafin ka sake gina wata jimlar da kalmar ba tare da ka leƙa ba.