Yadda maigida zai tsare rayukan yaransa a garejin walda

Garejin walda a Sakkwato yawanci rumfar kwano ce a bakin titi, da injin walda, da janareta, da yara 'yan koyo. Ƙa'idar da jami'an kula da lafiyar ma'aikata ke bi ɗaya ce, ko a nan ko a masana'antar siminti ta Kalambaina: a fara kawar da abin da ke kawo haɗarin, in bai kawu ba a killace shi, sannan a zo kan tabarau da safar hannu. Maigidan da ya sayo safar hannu amma ya bar jarkar fetur kusa da inda ake walda bai yi komai ba tukuna.

A fara da abin da ke kashe mutum nan take, wato tanki da duro. Tankin da aka juye man cikinsa ya fi cikakke haɗari, domin tururin man ne ke kamawa, kuma sai ya gauraya da iska yake fashewa. Cokalin shayi guda na fetur da ya maƙale a gindin duro mai lita 200 ya isa ya tarwatsa shi. Man dizal da baƙin mai ma ba abin sakankancewa ba ne, da zarar ƙarfen ya ɗauki zafi sai su tashi tururi. Sansana bakin tanki ba gwaji ba ne, shanya shi a rana ba wanki ba ne, haka nan dabarar zura masa hayaƙin salansa ba ta da tabbas.

Idan za a iya sayen wani tankin, a saya. Idan dole sai an gyara, a sauke shi daga jikin motar, a buɗe duk murafansa, a tsiyaye shi a waje nesa da wuta. A wanke da ruwan zafi da garin sabulu, ana jijjigawa ana zubarwa, har ruwan ya daina fitowa da maiƙo. Sannan a cika shi da ruwa har ya kusa kai wurin da za a liƙe, a juya shi yadda ɓular za ta koma sama, a bar kafa buɗe don tururi ya sami mafita. Duron da ba a san abin da aka taɓa zubawa a ciki ba, a mayar wa mai shi, ko da zai ji haushi. Wannan aiki na maigida ne da hannunsa, ba a ba yaro.

Na biyu shi ne injin yanka da goge ƙarfe na hannu, wanda ake kira giranda. A jikin kowane faifai an rubuta iyakar juyin da zai iya ɗauka a minti guda. Ƙaramin inji mai faifan inci 4 da rabi yana juyi kusan 11,000 a minti, alhali faifan inci 7 iyakarsa 8,500, na inci 9 kuma wajen 6,600. Wanda ya cire murfin kariya don ya ɗaura babban faifai a ƙaramin inji ya tilasta masa gudun da ya fi ƙarfinsa, kuma ya cire abin da zai tare ɓaraguzan idan ya fashe. Fuska da wuya da cinya suke nufa. Murfin nan ba a cire shi, sai dai a juya shi ya tsaya tsakanin faifan da mai aiki.

Kafin a ɗaura faifai a zare filogi daga wuta. A duba faifan ko ya tsage, ko bakinsa ya gutsure, ko ya sha ruwa. A zoben ƙarfen da ke tsakiyarsa akwai watan da shekarar da zai daina aiki, galibi shekara 3 daga ƙerawa, domin ƙaron da ya riƙe shi yana lalacewa, ajiya a ƙarƙashin kwano mai zafi kuma ba ta ƙara masa kwana. Bayan an ɗaura, a kunna a bar shi ya yi gudu na rabin minti ba tare da ya taɓa komai ba, babu kowa a saitinsa. Faifan yanka siriri ne, milimita 1 zuwa 3, ba a guga da gefensa. Na guga yana kai milimita 6. A danne ƙarfen da ake yankawa da kyau, kuma a tallafe shi yadda tsagar za ta riƙa buɗewa, don idan ta matse faifan injin zai yi tsalle ya dawo kan mai riƙe da shi.

Ga wani abu da ake mantawa da shi a garin da ake yawan ɗauke wuta: idan wuta ta tafi ana cikin aiki, a kashe makunnin injin kafin a ajiye shi. In ba haka ba, tana dawowa zai tashi da kansa a ƙasa, tsakanin ƙafafun yara masu silifa.

Sai ido. Baƙin tabarau na kasuwa ba ya tare hasken walda, yana ma sa mutum ya daɗe yana kallo. Abin da ake buƙata garkuwar fuska ce mai gilashin da duhunsa yake lamba 10 zuwa 13, gwargwadon ƙarfin wutar. Kawar da kai ko rintse ido daidai lokacin ɗosa sandar walda ba ƙwarewa ba ce. Yaron da ke riƙe wa maigida ƙarfe ya fi kowa shan hasken, don haka shi ma a ba shi tasa garkuwar. Ciwon ba ya tashi nan take, sai bayan awa 6 zuwa 12, cikin dare, mutum ya ji kamar an watsa masa yashi a ido. A ɗora tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi, a zauna a duhu, kada a murza, kada a ɗiga madara ko ruwan tumatir. In ya wuce kwana 2, ko gani ya ragu, a tafi asibiti. Idan kuma ɓurɓushin ƙarfe ne ya maƙale, kada a bari wani ya sa tsinken ashana. A rufe idon a kai shi sashen ido, kamar na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, a ranar, domin tsatsa tana kama ƙwayar ido cikin sa'o'i.

Tartsatsin walda yana kaiwa mita 10. A hunturu, da iska da bushewa, yana iya sauka kan zana ko katifa ya yi ta cin ƙasa-ƙasa. A kwashe duk abin da ke kamawa, a ajiye bokitin yashi da tukunyar kashe gobara mai hoda, kuma in an yi aiki a gidan mutane wani ya tsaya aƙalla rabin awa bayan an gama. Masu aiki da gas su raba tukunyar oksijin da mai ko giris, su ɗaure ta a tsaye, su gwada yoyo da ruwan sabulu.

Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yana haura digiri 40. Gumi yana sa wutar injin walda ta kama mutum cikin sauƙi, saboda haka a sauya jiƙaƙƙiyar safar hannu, a sauya wayar da ta zaizaye. Rigar auduga mai dogon hannu za a sa, domin jesin ƙwallo narkewa take ta manne wa fata. Aiki mai nauyi a yi shi da sassafe, ruwa kuma kofi guda duk minti 20. Janareta a waje, nesa da inda ake zama. Ƙuna a zuba mata ruwa mai sanyi na minti 20, ban da man goge baki ko baƙin mai.

Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta lissafa ɗan koyo da ɗan aikin rana cikin ma'aikata, ko da yarjejeniyar ta baka ce. Mai ɗaukar aiki yana zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin wata a asusun NSITF, wato hukumar gwamnatin tarayya mai biyan diyyar ma'aikata. Wanda ya ji rauni ya sanar da maigida cikin kwana 14, shi kuma maigida ya kai wa NSITF rahoto cikin kwana 7, in rasuwa ce nan take. A tanadi littafi a gareji, a rubuta rana da lokaci da injin da ya yi raunin da waɗanda suka gani, a haɗa da takardun asibiti, domin su za a nema idan an zo biyan diyya.