Yadda ake zaɓa tsakanin ƙaramar na'urar kwaikwayon amfilifayar jita da babba, don kiɗa a gida

Na'urar kwaikwayon amfilifaya ƙaramar kwamfuta ce da ake jona jita a jikinta, ta fitar da sauti irin na sanannun amfilifayoyi kamar Fender, Marshall da Vox, ba tare da an tara su a ɗaki ba. Tun da kamfanin Line 6 na Amurka ya fitar da POD a 1998 masu kiɗa a gida suka samu sauƙi. Yanzu manyan kamfanonin kowanne yana da babba da ƙarama: Helix ta 2015 da HX Stomp ta 2018 na Line 6, Quad Cortex da Nano Cortex na Neural DSP, FM9 da FM3 na Fractal Audio, GT-1000 da GT-1000CORE na Boss. Ga yadda za ka bi.

Da farko, ka cire wa kanka tunanin cewa babba ta fi daɗin sauti. A wurin Line 6, amfilifayoyin da ke cikin Helix su ne a cikin HX Stomp, sautin ɗaya ne. Ƙarin kuɗin babbar yana tafiya ne kan ƙarfin sarrafawa, yawan maɓallan ƙafa, da wuraren jona waya.

Na biyu, ka ɗauki takarda ka rubuta abin da kake amfani da shi a kiɗa ɗaya. Wannan matakin ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi mutane suka fi tsallakewa. Kowane abu da ka ɗora wa sautin, amfilifaya ne, akwatin sifika, amsa-kuwwa ko abin ƙara wa sauti kaushi, yana cin gurbi ɗaya. HX Stomp tana da injin sarrafawa ɗaya da gurbi 8, bayan sabunta manhajarta a 2020, da can 6 ne. Helix tana da injin biyu, saboda haka tana iya ɗaukar amfilifaya biyu a lokaci guda tare da dogon jerin kayan ƙawata sauti. Sai dai mafi yawan masu kiɗa a gida ba sa wuce abu biyar ko shida. Idan lissafinka ya tsaya nan, ƙarama ta ishe ka. Ka kuma lura cewa wasu abubuwan, kamar masu sauya tsayin murya, suna shan ƙarfi sosai, injin na iya cika tun gurbin bai ƙare ba. Mai son irin waɗannan shi ne ƙarama za ta takura.

Na uku, a zaune kake kiɗa ko a tsaye? HX Stomp da FM3 maɓallan ƙafa uku-uku gare su, Helix kuwa 12 ne, ga kuma feda ta ƙara murya da ragewa. Wanda ke hawa dandali, ko yake kiɗa a coci ko wurin biki, yana buƙatar sauya sauti da ƙafa yana cikin kiɗa. Wanda ke zaune gaban tebur hannunsa ne zai yi aikin. Helix ta haura kilo 6, HX Stomp ba ta kai kilo ɗaya ba, tana zama kusa da kwamfuta ba ta tare wuri. Ni a ganina na'urar da kullum take a jone, hannu na kaiwa gare ta, ita ake kiɗa da ita, wadda sai an ciro daga jaka kuwa takan daɗe a ajiye.

Amma babba tana da hujjarta. Allonta ya fi faɗi, gyaran sauti a kai ya fi sauƙi. Wasu ƙananan, kamar Nano Cortex da ToneX One, ba su da allo ma, cikakken gyara sai da waya ko kwamfuta. Idan ba ka son haka, kada ka saye su. Haka kuma idan za ka jona makirfo ko tsofaffin fedojinka na sauya sauti da yawa, Helix tana da wurin makirfo da hanyoyi huɗu na jona kayan waje, HX Stomp hanya ɗaya.

Na huɗu, ka ware kuɗin abin da za ka ji sautin da shi tun kafin ka biya na'urar. Ba ta da sifika. Ko dai hedifon mai kyau, ko sifikokin situdiyo guda biyu, waɗanda ba sa sauya sautin da aka ba su. Ƙaramar na'ura da sifika mai kyau ta fi babba da sifikar banza nesa ba kusa ba. In kuma a amfilifayar jita za ka jona, ka kashe kwaikwayon akwatin sifika, in ba haka ba sautin zai dushe.

Na biyar, wuta. Inda ake yawan ɗaukewa ko ake dogaro da janareta, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Zoom G1 Four da Boss GT-1 suna aiki da batir AA guda huɗu, ko da yake ba su kai waɗanda aka ambata ƙarfi ba. Masu tsadar kuwa ka sa musu abin kariya daga hauhawar wuta, kuma kada ka jona adaftar da ba tata ba don kawai bakin ya shiga. Bambancin ƙarfin wuta ko juyin wayar ciki yana iya ƙona ta.

Idan ta hannu za ka saya, ka je da jitarka da hedifon ɗinka. Ka taka kowane maɓalli, ka murza kowane abin murzawa, ka jona USB ka ga kwamfuta ta gane ta, sannan ka tabbata adaftar asali tana cikin cinikin.