Ga Sabon Zuwa Ayalan: Ta Inda Ake Shiga Cikin Mutanen Ƙasar

Barka da sauka, ɗan'uwa. Na san abin da ya cika maka kai a makonnin nan na farko: lambar PPS (lambar shaidar da gwamnati ke ba mutum don haraji da hidimominta), katin izinin zama, neman ɗakin haya, da rigar da za ta tare ruwan saman da ba ya sallama kafin ya sauko. Duk wanda ya riga ka zuwa zai nuna maka hanyar waɗannan, kuma da yardar Allah za su wuce. Abin da ba kowa ke zaunar da kai ya gaya maka ba shi ne su wane ne mutanen da ka sauka a cikinsu. Akwai 'yan'uwanmu da suka daɗe a nan, takardunsu sun cika, aiki na tafiya, amma ba su da maƙwabci ko ɗaya da zai ƙwanƙwasa musu ƙofa ranar da ciwo ya kwantar da su. Wannan yana damuna matuƙa, domin mutanen Ayalan ba su da wuyar sha'ani idan ka biyo ta inda suke buɗe ƙofa.

Ka fara da riƙe wannan: su ba Ingilawa ba ne. Mu a gida duk farar fata Bature ne, ga shi kuma Turanci suke yi, sai bakin mutum ya suɓuce ya haɗa su da Ingila. Kada ka yi. Ingila ta mallake su ɗaruruwan shekaru, ta ƙwace gonakinsu, ta danne harshensu da addininsu na Katolika. Su ma 'yan mulkin mallaka ne suka taka su kamar yadda suka taka mu, nasu ma ya fi daɗewa nesa ba kusa ba.

Tabon da ya fi zurfi shi ne Babbar Yunwa, daga 1845 zuwa 1852. Talakawan karkara sun dogara kacokan da dankalin Turawa, saboda shi ne ɗan filin da mai ƙasa ya bar musu zai iya fitarwa ya ciyar da iyali. Sai cuta ta faɗa wa dankalin, ya riƙa ruɓewa a ƙasa shekara bayan shekara. Kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, wani miliyan ɗayan ya hau jiragen ruwa zuwa Amurka da Kanada da Birtaniya. Abin da ba su yafe ba har yau shi ne a daidai lokacin ana loda hatsi da shanu daga tashoshinsu ana fita da su, masu ƙasa kuma suna korar waɗanda suka kasa biyan haya. Kafin yunwar tsibirin yana da mutum fiye da miliyan 8, kuma har yanzu bai koma wannan adadi ba. Ka je bakin kogin Liffey a Dublin, kusa da tsohon ofishin kwastan, za ka ga gumakan wasu ramammun mutane riƙe da 'yan ƙunshinsu sun nufi tashar jirgi. Ka ɗan tsaya a wurin. Kusan kowane gida a ƙasar nan yana da ɗa ko kawu ko kaka da ya tafi ci-rani bai dawo ba, shi ya sa idan ka ce wa dattijo kana kewar mahaifiyarka ba sai ka yi masa dogon bayani ba.

Labarin 'yancin kansu kuwa ka san ƙashinsa ko da a taƙaice. A 1916, lokacin bikin Ista, wasu 'yan kishin ƙasa ƙarƙashin Patrick Pearse da James Connolly suka kama babban gidan waya da ke titin O'Connell suka yi shelar jamhuriya. Cikin mako guda aka murƙushe su, aka harbe 14 daga shugabanninsu a gidan yarin Kilmainham, kuma wannan kisa ne ya juya zukatan jama'a. Yaƙin neman 'yanci ya biyo baya daga 1919 zuwa 1921, sai yarjejeniyar da ta raba tsibirin: gundumomi 26 suka zama ƙasa mai cin gashin kanta a 1922, shida na arewa suka ci gaba da zama cikin Birtaniya. Yarjejeniyar ta haɗa 'yan'uwa yaƙin basasa, a ciki aka kashe Michael Collins, ɗaya daga jagororin yaƙin neman 'yancin. Daga ƙarshen shekarun 1960 arewar ta sake kamawa da wuta, fiye da mutum 3,500 suka rasa rayukansu kafin sulhun 1998, wanda ya sa John Hume da David Trimble suka sami kyautar Nobel. A kan wannan batu ka zama mai saurare. Kada ka tambayi mutumin arewa ko shi Katolika ne ko Furotesta. Sannan ga wata gaskiya da ta jefa mutane cikin matsala: babu shinge a kan iyakar, bas zai ɗauke ka daga Dublin zuwa Belfast, babban birnin arewar, ba tare da ka ga alamar ƙetarewa ba, amma izinin zamanka na Jamhuriyar Ayalan, wato gundumomi 26 ɗin nan, bai ba ka damar shiga can ba. Sai da bizar Birtaniya.

Yanzu ga ƙofa ta farko, inda nake so ka fi ba ni hankalinka. Idan mutum biyu 'yan ƙasar suka haɗu, kafin a yi nisa ɗaya zai tambayi ɗaya daga wace gunduma yake. Ɗan Cork ɗan Cork ne ko ya shekara arba'in a Dublin. Abin da ke raya wannan kishi kuwa shi ne ƙungiyar GAA, wadda aka kafa a garin Thurles a 1884 don farfaɗo da wasanninsu na gargajiya a zamanin da komai nasu ke narkewa. Kusan babu ƙauyen da ba shi da kulob da fili. Manyan wasanninta biyu ne. Akwai ƙwallon Gaelic, da ake bugawa da ƙafa da hannu duka. Akwai hurling, wani irin ƙwallon gora mai tsananin sauri da ake yi da faffaɗar sanda da 'yar ƙwallon fata, na mata kuma sunansa camogie. Kowane ɓangare 'yan wasa 15 ne. Ragar tana da dogayen sanduna biyu a sama: in ƙwallo ta bi ta tsakaninsu maki ɗaya, in ta shiga raga maki uku. Saboda haka in ka ga an rubuta 1-12, ƙwallo ɗaya ce a raga da maki 12, jimla 15.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba a biyan 'yan wasan albashi, kuma ba a sayen ɗan wasa daga wata gunduma. Wanda ya buga wasan ƙarshe a filin Croke Park da ke Dublin gaban mutum 82,300 ranar Lahadi, malamin makaranta ne ko manomi ko ɗan sanda, zai koma bakin aikinsa bayan an gama biki. Inda aka haife ka nan kake bugawa. Kerry ce ta fi kowa cin kofin Sam Maguire na ƙwallo, Kilkenny ta fi kowa a kofin Liam MacCarthy na hurling. Dublin ta ɗauki kofin ƙwallo sau shida a jere daga 2015 zuwa 2020. Mayo kuwa rabonta da shi tun 1951, ta sha kaiwa wasan ƙarshe tana dawowa hannu rabbana, don haka in maƙwabcinka ɗan Mayo ne ka tausaya masa da gaske. Ka koyi launin gundumar da kake zaune, za ka ga tutocinta a jikin gidaje da motoci idan kakar wasanni ta kama. Tambayi abokin aikinka ranar Litinin yadda wasan jiya ya kaya, ka ga yadda hira za ta ɓarke.

Croke Park ba filin wasa kawai ba ne a wurinsu. Ranar 21 ga Nuwamba 1920 jami'an tsaron Birtaniya suka buɗe wuta kan 'yan kallo a can, mutum 14 suka mutu, har da ɗan wasan Tipperary Michael Hogan, wanda aka sa wa ɗaya daga rumfunan filin sunansa. A wannan fili ne, shekara ɗari bayan haka, a Yulin 2020 lokacin korona, aka buɗe wa Musulmi ƙofa suka yi sallar Idin layya a kan ciyawar, shugabannin wasu addinai suna zaune a gefe. Wanda ya san matsayin wurin a zukatansu ya san ba ƙaramin abu suka yi ba.

In kana da yara, ka kai su kulob ɗin unguwarku ranar Asabar da safe. Kuɗin rajista ba shi da yawa, masu horarwa iyayen yara ne da ke aikin sa kai, kuma da hutun bazara akwai sansanonin yara da ake kira Cúl Camps. Ke ma 'yar'uwa, kada sanyi ko kunya su sa ki ajiye yaro a ƙofa ki juya. A bakin filin nan iyaye mata ke sanin juna, nan za ki ji wace makaranta ce ke da gurbi, wa ke neman ma'aikaci, wa zai saki gida. Chiedozie Ogbene a Legas aka haife shi, ya tashi a Cork yana buga ƙwallon Gaelic a kulob ɗin Nemo Rangers, a 2021 ya zama haifaffen Afirka na farko da ya buga wa babbar tawagar ƙwallon ƙafa ta Ayalan. Rhasidat Adeleke, 'yar Tallaght da iyayenta 'yan Najeriya ne, ta zo ta huɗu a tseren mita 400 a gasar Olamfik ta Faris a 2024, ƙasar gaba ɗaya ta tsaya kallonta.

Ƙofa ta biyu ita ce ta'aziyya, kuma a nan za ka ji kamar kana gida, domin zaman makokinsu ya yi kusa da namu. Ba a jiran gayyata. Ana sanar da rasuwa a shafin RIP.ie da gidajen rediyon gunduma, maƙwabta su yi layi su gaisa da iyalan mamaci hannu da hannu, a sha shayi, a tuna halayensa. In mahaifin abokin aikinka ya rasu, ka je gidan ko wurin da aka ajiye gawar ka yi masa gaisuwa, ko da ba za ka zauna addu'ar coci ba. Ba zai manta ba.

Shayi ma al'ada ce. In an yi maka tayi ka karɓa, in kai ka yi tayi aka ce a'a ka sake maimaitawa, kara ce irin wadda ka sani. Ka gode wa direban bas idan za ka sauka, kowa yana yi. Mashaya kuwa ita ce majalisarsu, ba zan ɓoye maka ba, har taron wurin aiki can ake kai shi. Ka faɗa tun farko, cikin fara'a, cewa ba ka sha. Ba baƙon abu ba ne a wurinsu, suna da ƙungiyar masu ƙaurace wa giya tun 1898. Ka lura da karin kumallonsu, naman alade ya yi yawa a ciki, har da wani baƙin tsiran jini.

Za ka haɗu da tsofaffin da za su ce maka ƙanin babansu fada ne da ya yi aiki a Najeriya, ko gwaggonsu sista ce. Gaskiya suke faɗa. 'Yan mishan na Ayalan sun buɗe makarantu da asibitoci har a Arewa, makarantar St. Louis ta Kano ma sistocinsu ne suka kafa ta. Da yawa kuma abin da suka sani game da Najeriya shi ne Biyafara, don yunwar yaƙin ce ta haifar da ƙungiyar agaji ta Concern a 1968. Ka yi haƙuri ka ba su labarin Kano da Katsina da Damagaram, suna son labari. Ɗan Chadi kuma zai iya cin karo da tsohon sojan da ya yi aikin kiyaye zaman lafiya a Goz Beida tsakanin 2008 da 2010. Amma kada ka ɗauka ƙasar tana nan a hannun coci kamar da. Abin kunyar cin zarafin yara ya zubar da ƙimar cocin, dokoki sun canja ƙwarai, kuma tun 2015 babu wata kariya a doka ga wanda ya doki ɗansa da sunan tarbiyya. Iyaye, ku riƙe wannan da kyau.

Ba zan ce maka kowa yana murna da zuwanka ba. Ƙarancin gidaje ya matsa wa kowa, wasu kuma sun ɗora laifin a kan baƙi, har aka yi tarzoma a tsakiyar Dublin a Nuwamban 2023, aka ƙona motocin bas. In wani ya zage ka ko ya tsorata ka, kada ka biye masa, ka kai ƙara wurin 'yan sanda, waɗanda ake kira Garda. Kuma ba kai kaɗai ba ne: ƙidayar 2022 ta nuna Musulmi sun haura 81,000. Akwai masallacin South Circular Road a Dublin, akwai na Ballyhaunis a Mayo da aka gina tun shekarun 1980. Ranar da kewa ta dame ka, ka shiga ɗakin adana littattafai na Chester Beatty da ke harabar fadar Dublin, kyauta ne, ka ga Alƙur'anin da Ibn al-Bawwab ya rubuta da hannunsa a Bagadaza fiye da shekara dubu da ta wuce.

Haihuwa a nan ba ta ba jariri zama ɗan ƙasa kai tsaye tun farkon 2005, ya danganta da tsawon zaman iyayensa bisa doka. Amma akwai wani haƙƙi da yawancinmu ba su san suna da shi ba: duk baligin da ke zaune a ƙasar, ko wane fasfo yake riƙe da shi, yana iya jefa ƙuri'a a zaɓen ƙananan hukumomi, har ma ya tsaya takara. Ta nan Rotimi Adebari, wanda ya zo neman mafaka daga Najeriya, ya zama magajin garin Portlaoise a 2007. Kansilolin nan su ne ke da baki a maganar gidaje da filaye. Ana zaɓen duk shekara biyar, na baya an yi shi a Yunin 2024, rajista kuma ta intanet ake yi da lambar PPS ɗinka da adireshin inda kake kwana.