Kula da Kaza Mai Kwanci

Kaza mai son kwanci ba ta ɓoyuwa. Za ta daina yin ƙwai, ta yini a cikin sheƙa, ta kwana a ciki. In an kai hannu sai ta buɗe gashinta, ta kai sara. Amma kada ku yi saurin ba ta ƙwai. Ku bar ta kwana 2 ko 3 a kan ƙwai guda biyu da kuka yi wa alama, domin wata kazar takan fara ta watsar. In ta dage, to da gaske take.

Ku ware mata wurin kwanci ita kaɗai. Kwando, kasko ko akwati mai faɗin santimita 35 ya isa. A zuba toka kaɗan a ƙasa saboda ƙwarƙwata, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kai, a lotsa tsakiyar don kada ƙwai su gangare gefe su yi sanyi. Wurin ya zama mai inuwa da ɗan duhu, inda ruwan sama ba ya shiga, ɓera da maciji ma ba su da hanya. In za ku sauya mata wuri, ku ɗauke ta da dare. Da rana komawa tsohon wurinta za ta yi.

Abin da ya fi lalata kwanci shi ne barin sauran kaji suna hawa sheƙarta suna ƙara mata ƙwai. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi kafin ya ƙyanƙyashe. Wanda aka ƙara bayan kwana 5, shi ma sai ya cika nasa 21. Uwa kuwa ba ta jira: kwana ɗaya ko biyu bayan 'yan tsakin farko sun fito za ta tashi da su, sauran su mutu a cikin ɓawo. Saboda haka a saka mata ƙwan duka rana ɗaya, a yi wa kowanne alama da fensir, duk wanda aka gani babu alama a cire shi. Masu yin ƙwai a ba su nasu wurin, sheƙa ɗaya ga kaji 4 ko 5.

Ƙwai 8 zuwa 10 sun ishi ƙaramar kaza, babba kuma 12. In kun hangi ƙwai yana leƙowa daga ƙarƙashin fiffikenta, sun yi yawa. Ku zaɓi ƙwan kajin da ke tare da zakara, wanda bai wuce kwana 7 ba, mara tsagewa, mai tsabta. Kada a wanke shi, domin ruwa yana cire abin da ke kare ɓawon daga ƙwayoyin cuta.

A ajiye mata ruwa da hatsi kusa, amma ba a bakin sheƙa ba, don ta riƙa tashi. Takan fita sau ɗaya a rana, kamar minti 20, ta ci, ta sha, ta yi kashi, ta yi birgima a toka. Wannan fitar ba ta cutar da ƙwai.

A kwana na 10, da dare, ku haska kowane ƙwai da tocila. Mai rai za a ga jijiyoyi ja da duhu a cikinsa. Wanda haske ya ratsa fayau ba zai yi komai ba, a fitar da shi tun kafin ya zama baragurbi ya fashe ya ɓata sauran. Daga kwana na 18 kuwa, kada a ƙara ɗaga ta ko taɓa ƙwan har sai 'yan tsaki sun fito sun bushe.