Yadda Ake Fitar da Gwarzon Zagayen Sili Ɗaya Ƙwale a Gasar Ƙwallon Unguwa

Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin shirya gasar ƙwallon ƙafa ta unguwanni a Zariya, ko a Tudun Wada ne, ko Sabon Gari, ko Samaru, ko cikin Birni, ya san cewa rigimar da ta fi daɗewa ba ta huce ba ita ce ta kyautar gwarzon ɗan wasa. Kofi ba ya jawo gardama, domin wanda ya ci wasan ƙarshe shi ne zai ɗauka, amma gwarzo sai mutane sun yanke hukunci, kuma galibi a tsaitsaye ake yanke shi, magariba ta gabato, 'yan kallo sun kwararo cikin fili, babban baƙo kuma yana ta duba agogo. A irin wannan hali sunan da ke bakin kowa shi ne na yaron da ya zura ƙwallon ƙarshe, ko da kuwa bai taɓuka komai ba a wasannin da suka gabata.

Na taɓa riƙe sakataren wata gasa a filin wata makarantar firamare, inda mai tsaron ragar ƙungiyar da ta ɗauki kofi ya tare fenariti biyu a wasan daf da na kusa da na ƙarshe, ya sake tare ɗaya a na kusa da na ƙarshe, sannan a wasan ƙarshe wani yaro da ya shigo canji saura minti goma a tashi ya ci ƙwallo ɗaya tilo. Da muka kewaye teburin kyaututtuka, attajirin da ya ɗauki nauyin gasar ya dube ni ya ce, "Malam, ai ba sai mun wahala ba, ga wanda ya ci ƙwallo can an ɗaga shi sama." Na ce, "Ranka ya daɗe, Alhaji, golan nan fa shi ya kawo su wannan matsayi." Ya ce, "A ina aka rubuta?" Ba ni da abin da zan nuna masa sai takardar sakamakon wasanni, wadda ba ta ɗauke da komai sai ci da sunayen ƙungiyoyi. Golan ya naɗe safar hannunsa ya cusa a leda ya fice kafin a gama rabon kyauta, kuma har yau ina ganin gaskiyar tambayar Alhaji.

Amsar wannan tambaya na same ta ne a wasan da ba a cika bugawa a ƙasarmu ba, wato besbol, wanda ya fi ƙarfi a Amurka da Jafan da Kuba. Wasa ne na mutum tara a kowane ɓangare, ana yin turmi tara, mai jifa yana wurgo ƙwallo, mai sanda yana ƙoƙarin dukansa ya zagaye tashoshi huɗu ya dawo gida a rubuta wa ƙungiyarsa maki. Abin da ya bambanta masu wannan wasa shi ne ba sa barin komai ya wuce ba a rubuta ba. Tun wajen 1859 wani ɗan jarida haifaffen Ingila mai suna Henry Chadwick ya tsara jadawalin da ke nuna abin da kowane ɗan wasa ya yi a wasa guda, har harafin K da ya zaɓa don nuna an fitar da mai sanda saboda ya kasa dukan ƙwallon da ake jefo masa ana amfani da shi har gobe. Ko a ƙananan gasannin garuruwa, inda ba a biyan 'yan wasa ko sisi, akan samu wani zaune a gefen fili da littafin lissafi a kan cinyarsa, kuma daga wannan littafi ake fitar da waɗanda suka yi fice a zagayen sili ɗaya ƙwale. Wannan ɗabi'a ce ya kamata mu ara, mu daidaita ta da ƙwallon ƙafa.

Aikin yana farawa ne tun ranar da aka tara wakilan ƙungiyoyi don jefa ƙuri'ar rukuni, kafin kowa ya san wanda zai kai ƙarshe. A wannan zama ya kamata a raba kyautar gida biyu, ta gwarzon gasa baki ɗaya da ta gwarzon zagayen sili ɗaya ƙwale, domin sau da yawa ba mutum ɗaya ba ne. A gasar cin kofin Afirka ta 2013 a Afirka ta Kudu, Sunday Mba na Nijeriya bai ci ƙwallo ko ɗaya ba a wasannin rukuni, amma shi ya ci wanda ya fitar da Kwaddebuwa da ci 2-1, shi kuma ya ci ƙwallo ɗaya tilo a wasan ƙarshe da Burkina Faso, alhali kyautar gwarzon gasar Jonathan Pitroipa na Burkina Faso aka bai wa. Da akwai kyauta ta biyu, da wuya a tsallake Mba.

A wannan zama ne kuma za a amsa tambayoyin da sukan haddasa faɗa a ranar ƙarshe, a rubuta amsar, wakilai su sa hannu. Shin ɗan ƙungiyar da aka doke a wasan ƙarshe zai iya zama gwarzo? A ra'ayina zai iya, amma a faɗa tun da wuri. A jerin wasannin ƙarshe na besbol na Amurka da ake kira World Series an fara ba da kyautar gwarzo a 1955, kuma sau ɗaya tak ta taɓa zuwa hannun ɗan ƙungiyar da ta sha kaye, wato a 1960, lokacin da Bobby Richardson na Yankees ya karɓe ta saboda dukansa ya shigo da maki 12 a wasanni bakwai, duk da cewa Bill Mazeroski na Pirates ne ya yi dukan ƙarshe da ya ba ƙungiyarsa kofi da ci 10-9. Sai kuma batun jan kati. Zinedine Zidane ya karɓi kyautar gwarzon gasar cin kofin duniya ta 2006 bayan an kore shi a wasan ƙarshe saboda karon da ya yi wa Marco Materazzi, kuma lamarin ya bar baya da ƙura. A gasar unguwa, inda ƙannenmu da 'ya'yanmu ke kallo, ina ganin wanda aka kora saboda faɗa ko zagin alƙalin wasa ya fita daga lissafi, wanda kuma aka kora saboda katin gargaɗi biyu na keta ta cikin wasa a rage masa daraja kawai.

Daga nan sai a naɗa masu rubutu. Mutum biyu ake buƙata a kowane wasa, waɗanda ba 'yan unguwannin da ke karawa ba ne, kuma kada su zauna wuri ɗaya, domin idan suka haɗu ɗaya zai riƙa kwafar ɗaya. Ɗalibai ko malaman makaranta sun fi dacewa, kuma littafin rubutu mai shafi arba'in da biro biyu sun wadatar. Akwai matsala ɗaya da ta keɓanci filayenmu, wadda dole a magance ta kafin a busa usur: rigunan da ba su da lamba, da 'yan wasan da ke musayar riga idan an yi canji, da kuma laƙabi, domin a ƙungiya guda za a iya samun Messi biyu da Ronaldo uku. Mai rubutu ya je wurin kyaftin kafin a fara, ya rubuta sunan yanka da laƙabi da lambar rigar kowa, idan babu lamba a rubuta ta da alli ko maka a bayan rigar, kuma duk wanda ya shigo canji sai ya biyo ta gaban mai rubutu.

Abin da za a rubuta kada ya yi yawa, domin ƙwallon ƙafa ba ya tsayawa bayan kowane bugu kamar yadda besbol ke yi, kuma wanda ya sunkuyar da kai yana dogon rubutu zai rasa abin da ke faruwa. Harafi ɗaya ya isa ga kowane aiki, kamar yadda Chadwick ya yi. A sa C ga wanda ya ci ƙwallo, T ga wanda ya taimaka aka ci, G ga gola idan ya hana ƙwallon da kowa ya fid da rai, B ga ɗan baya da ya cire ƙwallo daga bakin raga ko ya ƙwace shi daga wanda ya rage daga shi sai gola, sannan K ga kuskuren da ya jawo aka ci ƙungiyar mutum. Wannan harafi na ƙarshe shi ne mutane suka fi ƙyamar rubutawa, amma a besbol mai lissafi yana da hurumin yanke cewa wannan ƙwarewar mai sanda ce, wancan kuma kuskuren mai tsaron fili ne, kuma ana ɗora wa kowa nasa. Ɗan wasan da ya ci biyu ya kuma jawo fenariti biyu a kan ƙungiyarsa bai ƙara mata komai ba.

Gefen kowane harafi dole a rubuta abu biyu, minti nawa ne, kuma ci nawa ake a lokacin. Wannan shi ne ƙashin bayan dukkan aikin. Ƙwallo na huɗu a wasan da ake ci 3-0 da ƙwallon da ya farke ci 1-0 saura minti biyar a tashi, duka C ɗaya ne a littafi, amma na farko ado ne, na biyu kuwa shi ya hana ƙungiya komawa gida. Idan aka zo tantancewa sai a fara ware ayyukan da aka yi lokacin da ake kunnen doki ko ake tazarar ƙwallo ɗaya, a ba su nauyi fiye da sauran, sannan a duba ƙarfin abokin karawa, domin cin ƙwallo uku a ragar ƙungiyar da ta zo da mutum tara bai kai cin ɗaya a ragar da ba a taɓa zura wa ƙwallo ba tun farkon gasa.

A yi hattara da ƙarancin wasanni. Zagayen sili ɗaya ƙwale a gasar unguwa bai cika wuce wasa uku ko huɗu ba, kuma a irin wannan taƙaitaccen lokaci sa'a tana iya shigar burtu ta yi kama da gwaninta. Masu besbol sun san wannan sarai: wanda ya yi nasarar duka sau 3 cikin 10 a tsawon kakar wasa gwani ne, amma a wasa uku kacal ɗan wasa mai rauni zai iya samun 5 cikin 10, gwani kuma ya tashi da 1. Saboda haka a fifita wanda sunansa ya bayyana a shafin kowane wasa a kan wanda ya cika shafi ɗaya ya ɓace a sauran, sai dai in abin da ya yi a wasa ɗayan nan ya wuce misali.

Gola da 'yan baya su ne wannan tsari ya fi yi wa adalci. Duk wanda ya kalli wasan Nijeriya da Afirka ta Kudu na kusa da na ƙarshe a gasar cin kofin Afirka a watan Fabrairun 2024 ya tuna cewa an tashi 1-1, kuma fenariti biyu da Stanley Nwabali ya tare su suka kai Nijeriya wasan ƙarshe, sannan ɗan baya William Troost-Ekong ne ya zama gwarzon gasar duk da Kwaddebuwa ta ɗauki kofin. A filayenmu, inda ake yawan tsallake ƙarin lokaci a tafi bugun fenariti kai tsaye saboda duhu na shigowa, golan da ya tare bugu ɗaya a irin wannan yanayi ya cancanci a lissafa masa daidai da wanda ya ci ƙwallon nasara. Mai rubutu ya bambance wanda gola ya tare da wanda mai bugu ya barar da kansa, domin na biyun ba aikin gola ba ne.

Bayan kowane wasa, masu rubutu biyun su haɗu da alƙalin wasa a kwatanta littattafai nan take, inda suka saɓa a daidaita tun abin yana sabo, su sa hannu, sakatare ya ɗauki hoton shafin da waya ya tura zauren WhatsApp na wakilan ƙungiyoyi a daren. Wanda ke da ƙorafi yana da kwana ɗaya. Kafin ranar ƙarshe sakatare ya fitar da sunaye biyar da suka fi yawan ayyuka masu nauyi, ya rubuta su a takarda da sarari a gefe don ƙara abin da zai faru a wasan ƙarshe.

Masu zaɓe su zama biyar ko bakwai don kada a yi canjaras, a haɗa da masu rubutu da alƙalin wasa da masu horaswar ƙungiyoyin da aka riga aka fitar, kuma ba wanda zai zaɓi ɗan ƙungiyarsa. Kada a karɓi ƙuri'a ko ɗaya sai an busa usur na tashi, komai matsin lambar masu son a yi sauri. Minti biyar sun isa: a koma cikin aji ko bayan rumfa nesa da 'yan kallo, sakatare ya karanta lissafin mutum biyar ɗin, kowa ya rubuta suna ɗaya a guntuwar takarda ya ninke, a ƙirga a gaban kowa. Mai ɗaukar nauyin gasa yana da girmansa, shi zai miƙa kyauta a ɗauki hoto da shi, amma ba ya cikin masu jefa ƙuri'a, kuma gara a sanar da shi haka cikin ladabi tun ranar da ya amsa zai taimaka.

Idan mai sanarwa ya ɗauki makirufo, ya fara karanta ayyukan kafin suna, ya ce wannan ɗan wasa ya tare fenariti biyu a wasa kaza, ya hana ƙwallo a minti kaza lokacin da ake kunnen doki, sannan ya ambaci sunansa na yanka da na mahaifinsa da unguwarsu. Littattafan kuma kada a bar su a aljihun wani, a damƙa su ga sakataren gasar baɗi, tare da kofe ɗaya da za a bai wa gwarzon ya tafi da shi gida.