Darasi na 7: Ɗaura Faifai da Zoben Kulle a Keke Marar Firiwil

Yawancin kekunan da muka saba da su suna da firiwil. In ka gaji sai ka huta da ƙafa, keke ya yi ta gudu abinsa. Amma akwai keken da ba haka yake ba. Muddin tayar baya na juyawa, feda ma na juyawa. In ka danne feda baya, gudu ya ragu. Irinsa ake hawa a filin tseren keke. Ƙarfe biyu ke riƙe da wannan aiki: ƙaramin faifai mai haƙora da sarƙa ke hawa, da siririn zobe da ke kulle shi.

Ka dubi cibiyar tayar baya da kyau. Za ka ga tiredi, wato zanen da noti ke bi in ana murza shi, hawa biyu. Na ciki ya fi faɗi, shi ne na faifai, kuma dama ake ɗaure shi kamar kowane noti. Na waje ya fi ƙanƙanta, shi ne na zobe, hagu ake ɗaure shi.

Wannan saɓani da gangan aka yi shi. In ka taka gaba, faifai ƙara ɗauruwa yake yi. In ka danne baya, sai ya nemi kwancewa, ya juyo hagu, ya goga jikin zobe. Zobe kuwa hagu ne ɗaurinsa, sai ya ƙara cijewa ya tare hanya. Wanda ya gane wannan ya gane rabin darasin.

Kayan aiki: giris, tsumma, sifana mai lamba 15 ta notin taya, sifana mai ƙugiya ta zobe, da bulalar sarƙa, wato mariƙin ƙarfe mai guntuwar sarƙa a baki. Wasu kan ɗauki guduma da sukundireba su daddaki zobe. Ba na son wannan dabara, domin tana farfasa bakin zoben, gobe ƙugiya ta rasa wurin kamawa.

Cire taya. Goge tiredi tas, ka shafa giris. Faifai yana da ɗan wuya a gefe ɗaya, wuyan nan shi ke fuskantar ciki. Fara murzawa da yatsu kawai. In ya cije tun farko, dakata, ya hau a karkace ne. Kwance ka sake. Cibiyoyi da yawa na alminiyam ne, faifai kuwa ƙarfe ne mai tauri, in ka tilasta shi sai ya cinye tiredi, cibiya ta tashi aiki. Idan ya kai ƙarshe, sa bulala ka ja da iyakar ƙarfinka. Daga nan sai zobe: giris, yatsu, sannan ƙugiya, kana juyawa hagu.

Mai da taya, ka ja sarƙa. Kada ta yi tauri kamar tsirkiyar baka, kada kuma ta yi lilo. Wasan kamar santimita 1 sama da ƙasa ya isa. Yanzu hau ka taka da ƙarfi, in da hawa ka hau shi, amma kada ka danne baya ko sau ɗaya. Ƙafa ta fi hannu ƙarfi, za ta ƙara shigar da faifai, zobe ya sami sarari. Sauka ka sake ɗaure zoben. Nan ne mutane da yawa ke yin sakaci.

Bayan haka, ka riƙa sauraron ƙafarka. In ka danne baya ka ji feda ta ɗan zame kafin ta kama, zobe ya saki. Kada ka ce sai gobe, kowace zamewa tiredi take ci. Duba haƙora kuma: in sun yi tsini ko sun lanƙwashe kamar ƙugiya, faifai ya tsufa, a canja shi tare da sarƙa. Wajen saye ka lura, sarƙa iri biyu ce a faɗi: 1/8 da 3/32 na inci. Siririyar ba ta hawa faifai mai kauri. In za ka kwance faifai, zobe ne farko, kana juya shi dama.

Hattara da yatsunka. Kada ka goge sarƙa taya na juyawa. Keken nan ba ya tsayawa in ya kama yatsa, yana iya datse shi. Kuma kada ka cire birkin gaba, ko da ka iya tsayawa da ƙafa.

Aikin yi: Rubuta sunayen kayan aiki 3. Wane gefe ake juya zobe in za a ɗaure shi? Samu tayar baya, ka nuna wa abokin karatunka tiredin nan biyu.