Gyaran Kuskure a Haɗin Wutsiyar Kurciya

Haɗin wutsiyar kurciya shi ne wanda ake yanka bakin katako ɗaya ya fito da wutsiyoyi masu faɗi daga ƙarshe, ɗayan kuma a fitar masa da haƙoran da za su shige tsakaninsu, kuma shi ne yake riƙe kusurwar durowa ko akwati shekara da shekaru ba tare da ƙusa ba. A Katsina yawancin kayan ɗakin amare yanzu da ƙusa da gam ake haɗa su, domin gaggawar biki ba ta barin kafinta ya zauna wa kusurwa ɗaya, saboda haka yaron shagon da ya so koyon wannan aiki sau da yawa shi kaɗai yake fama. Zai ɓata katako, wannan babu makawa. Abin da ya kamata ya iya shi ne gano inda ɓarnar ta fito kafin ya yi gaggawar rufe ta.

Idan ka haɗa katakan biyu ka ga haske yana ratsawa tsakanin wutsiya da haƙori, kada ka fara zargin zarto. Raba su, ka duba ko layin da ka zana yana nan a jikin katakon. Zarto yana cin kusan milimita guda, wani ma fiye, don haka dole ne bakinsa ya bi ta gefen da za a cire, a bar layin a jikin abin da zai zauna. Wanda ya bi tsakiyar layi ya rage kowane haƙori daga gefe biyu. Fensir mai kauri yana ƙara wannan matsala, shi ya sa ya fi kyau a ɗora wutsiyoyin da aka riga aka yanka a kan bakin ɗayan katakon, a zana haƙoran da bakin wuƙa.

Irin wannan giɓi yana gyaruwa. A sa gam a haɗa kusurwar, idan ta bushe sai a bi giɓin da zarto a hankali domin faɗinsa ya daidaita, sannan a fere siririn ɓallin katako daga ragowar wanda aka yi aikin da shi, a shafa masa gam, a tura shi ciki ta yadda jijiyarsa za ta bi ta haƙorin da yake jingine da shi. Bayan ya bushe a datse abin da ya leƙo, a bi da samfefa. Kwaɓa garin katako da gam, wanda mutane da yawa suke rugawa gare shi, yana isa ne kawai ga tsaga mai sirantar gashi, kuma da zarar an shafa banish wurin yakan fito da launi daban ya tona asirin mai aikin.

Haɗin da ya matse fiye da kima ya fi wanda ya yi sako-sako haɗari, domin guduma tana iya tsaga katakon wutsiyoyin daga baki har tsakiya. Na taɓa yi wa gefen durowa na maɗaci haka a shagon maigidana da ke wajen Ƙofar Ƙaura, bugu uku kacal, na huɗun sai na ji ƙas. Bai yi faɗa ba, sai ya ɗauki fensir ya goga a gefen haƙoran wata kusurwa, ya tura ta da hannu har inda ta tsaya, ya zare, ya nuna mini inda baƙin ya shafi jikin wutsiya. Nan kaɗai ake ferewa da cizal mai kaifi, kaɗan-kaɗan, a sake gwadawa.

Layin gindi, wato layin da ake zanawa a inda zurfin wutsiyoyi da haƙora zai tsaya, shi ma yana da nasa tarkon. Idan aka kafa cizal a kan layin tun bugun farko, gangaren bakinsa yana tura shi baya ya wuce layin, giɓi ya bayyana a cikin kusurwa. Sai a fara sarewa kamar milimita ɗaya ko biyu daga layin, a kwashe yawancin katakon, a bar saran ƙarshe ga layin kansa, kuma a sara rabi daga kowace fuska don kada bayan ya ɓalle. Amma wanda ya cire wutsiya ya bar abin da ya kamata ya cire, ba shi da gyara sai datse bakin a sake. Alamar fensir a kan duk gurbin da za a cire ita ce maganinsa.

Wani laifin kuma ba na hannu ba ne. Katakon da aka kawo daga Kudu, afara ne ko obece, yakan iso da sauran danshi, iskar hunturu kuwa tana tsotse shi ya tsuke ta faɗi ya kuma lanƙwashe. A jera shi a inuwa da 'yan sanduna tsakani na wasu makonni kafin a zana komai. Gangaren wutsiya kuma kada ya yi yawa: 1 cikin 6 (wato karkatar awo ɗaya a kowane tsawon awo shida) ga katako mai laushi, 1 cikin 8 ga mai tauri irin maɗaci, in ba haka ba kusurwoyin wutsiyar suna ɓantarewa.

Wajen atisaye, a samu katako biyu masu tsawon kamu ɗaya da rabi, a yanka haɗi, a datse shi, a rubuta kwanan wata a jikinsa, a ajiye, washegari a sake yanka wani a bakin da ya rage. Idan guntayen suka kai goma, a jera su a kan benci a duba: in giɓin kullum a gefen hagu yake fitowa, to tsayuwar mai yankan ce ko riƙon zartonsa ya karkace, kuma nan ne zai fara gyarawa a na goma sha ɗaya.